Yaranmu na cin jarrabawar darasin tarbiyya, amma ba ma ganinta a halinsu: amsa ga wata shugabar makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A farkon wannan zangon aka ba ni shugabancin wata makarantar firamare ta gwamnati. Yaranmu suna haddace darasin tarbiyya, suna cin jarrabawarsa, amma in ka tsayar da ɗaya ka yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai, bakinsa ya mutu. Ga ƙarya, ga ɗauke-ɗauke a aji, ga manya na cin zalin ƙanana. Wasu malamaina sun ce a ƙara bulala, wasu sun ce a ƙara lokacin darasin addini. Kuɗi kuwa ba mu da su. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya taya ki riƙo, Ya ba ki ikon sauke wannan amana. Na ji daɗin da kika haɗa rashin bakin yaran da ƙaryarsu a tambaya ɗaya, domin a abin da na gani a makarantun da na koyar da waɗanda na zagaya duba aiki, yawanci tushensu ɗaya ne, wato tsoro.

Yaro yana yin wajen awa biyar zuwa shida a makaranta kullum. Darasin da ake kira na tarbiyya bai wuce 'yan mintoci a mako ba. Duk sauran lokacin ma karatu yake ɗauka, sai dai ba daga allo ba: yana kallon wanda ake girmamawa da wanda ake wulaƙantawa, yana lura da abin da ke samun wanda ya faɗi gaskiya da wanda ya iya ɓoye laifinsa. Wannan karatun shi ne ke zama a jikinsa. Don haka ƙarin darasin addini alheri ne, ba zan hana ki ba, amma in aka karanta wa yaro hadisin gaskiya da safe sannan ya ga akasinsa har a tashi, abin da ya gani zai bi. Aikinki shi ne ki gyara abin da yake gani, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kwabo.

Ki fara da bakin ƙofar makaranta. Gobe ki tsaya nesa kaɗan ki kalla. Ƙarfe takwas ta wuce, an tare 'yan makara, sun durƙusa a kan tsakuwa hannuwa a sama, malamin da ke kan aiki yana zagaya su da tsumagiya. Ana cikin haka sai ga wani malami ya shigo a kan babur ɗinsa, ya ɗaga wa abokin aikinsa hannu, ya ratsa ta tsakiyar yaran ya wuce ofis. Babu wanda ya ce masa uffan. Yaran nan duk sun gani, kuma sun fahimci darasin sarai: doka ta marar ƙarfi ce, in ka girma ka fi ƙarfinta. Shekaru ashirin nan gaba, a cikinsu ne za a sami wanda zai ƙi bin layi a banki, ba kuwa zai ji ya yi laifi ba. Maganin wannan yana hannunki. Ki riga kowa zuwa, rajistar malamai tana kan teburinki, ki ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe idan lokaci ya cika. Ba sai kin yi faɗa ba. Malamai ƙalilan ne ke jure ganin sunansu a ƙasan layi kullum.

Su kuma yaran da ke makara, ki tambaye su dalili kafin hukunci. Za ki tarar wata sai ta yi ɗiban ruwa ta wanke kwanuka kafin ta fito, wata an ɗora mata tallan koko da ƙosai, wani daga makarantar allo yake, malaminsu bai sallame su da wuri ba. Dukan irin wannan yaro ba zai sa ya zo da wuri ba, sai dai ya sa ya laɓe a kango har a tashi, ya koma gida ya ce ya je. Kin ga an koya masa ƙarya ke nan a kan makarar. Magana da uwarsa ko da malamin tsangayar ta fi amfani. Kuma in kina tsaye a ƙofar nan da safe, ki riƙa amsa gaisuwar yara kina kiran sunan wanda kika sani. A aji mai cunkoso akwai yaron da zai yi zango guda babu babban da ya ambaci sunansa sai wajen kiran rajista.

Daga nan sai malamai, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Yadda kika riƙe su haka za su riƙe yara. In kika tsawata wa malami a gaban aji, da kin fita zai huce a kan ɗalibai. Na san halin da malaman firamare ke ciki, albashi kaɗan kuma wani lokaci a makare, ga aji maƙil. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma ni da ke mun san ajin da ya ninka haka sau biyu ko uku. Wanda ke cikin wannan matsi ba a canza shi da takardar gargaɗi. Ki zauna da su, ki saurari kukansu, sannan ku yi yarjejeniya a kan abu guda da farko: a daina zagin yaro. Babu “daƙiƙi”, babu “jaki”, babu ambaton iyayensa, babu laƙabi da naƙasarsa ko talaucin gidansu. Ki tuna musu da Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko “tir” ba. Malaman sun san hadisin, wasunsu ma suna koyar da shi a Islamiyya da yamma. Abin da ya rage shi ne ya shigo aji da safe.

Yanzu ga maganar sunkuyar da kai. A nan ina so ki yi hattara, domin mu Hausawa muna son yaro mai kunya, kuma muna da gaskiya. Yaron da ke rusunawa ya gai da babba, ba ya katse shi, ba ya ɗaga masa murya, ba shi ne matsalarki ba. Matsalarki shi ne wanda ya san amsa amma ya gwammace ya yi shiru, saboda ranar da ya taɓa kuskure aji ya fashe da dariya, malami ya taya su, ko ma ya ce a yi masa ihu. Irin wannan yaro ya yi lissafi ne: shiru ba ya jawo masa komai, magana kuwa tana iya jawo masa wulaƙanci. Sai kin sauya wannan lissafin zai buɗe baki.

Akwai wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, da ta naɗi muryoyin malamai a aji tana auna lokacin da suke jira bayan sun yi tambaya. A binciken da ta fitar a 1972 ta gano yawancinsu ba sa wuce daƙiƙa ɗaya kafin su wuce ga wani yaron ko su amsa da kansu. Da aka horar da su su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana a da suka fara sa baki, “ban sani ba” ta ragu. Ki gwada da malamanki. Malami ya yi tambaya, ya hana ɗaga hannu, ya ƙirga uku a zuci, sannan ya kira suna. A aji mai yawa, ya ce kowa ya fara gaya wa na kusa da shi amsarsa, sannan a tambayi mutum biyu ko uku. Yaron da ya riga ya furta amsa ga abokinsa ya fi samun ƙarfin maimaita ta a gaban jama'a. In amsar ba daidai ba ce, malami ya ce: “Ka kusa, me ya sa ka ce haka?” Sau da yawa a bayanin yaron ne za a ga inda darasin ya karkace, kuma wasu da dama a ajin a nan suka ɓata su ma.

Harshe ma yana ciki. A 1977 tsarin ilimin Nijeriya ya tanadi a fara koyar da yaro a ajujuwan farko na firamare da harshen uwa ko na yankin da yake zaune. Duk da haka akwai makarantun da ke cin tarar yaro ko su duke shi don ya yi Hausa. Yaron da aka hana shi harshen da yake tunani da shi, kuma bai mallaki Turancin ba tukuna, me ya rage masa in ba shiru ba? Ki bar su su yi bayani da Hausa, malami ya maimaita da Turanci, su biyo shi. Turancin zai zo, kuma ya fi zuwa da sauri a bakin da ya saba motsi.

Sai yabo. A 1998 wasu masu bincike, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun yi gwaji da 'yan aji biyar a Amurka. Bayan yaran sun yi wani aiki, aka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka ce masu basira ne suka riƙa zaɓen aiki mai sauƙi don kada su faɗi, da aka ba su mai wuya suka yi saurin karaya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari nasu suka ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara abin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi dagewa, ƙaryar ma ta yi ƙaranci a cikinsu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da muke kiran na ɗaya da na biyu da na uku a ranar ba da sakamako, mu bar sauran suna tafi. Ki ci gaba da karrama na ɗaya, amma ki ƙara da wanda ya tashi daga na hamsin ya dawo na talatin, da wadda ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, da wanda ya zauna ya koya wa abokinsa lissafi.

Taron safe kuma kada ya zama naki ke kaɗai da sanarwa da kiran masu laifi. Yaranmu suna rera alƙawarin ƙasa, wanda Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, kullum suna cewa za su yi gaskiya da riƙon amana, amma da yawa ba su san abin da bakinsu ke faɗa ba. Ki sa a fassara musu shi jimla-jimla. Sannan kowace safiya aji ɗaya ya fito da yara biyu, namiji da mace, su yi minti biyu: karin magana da bayaninta, gajeren labari, hadisi, ko abin da suka ji a rediyo. A bi rajista, kada a riƙa zaɓen gwanaye. Wanda muryarsa ta yi rawa a tafa masa kamar kowa. In kika bi haka shekara guda, yara masu yawa sun taɓa tsayawa gaban ɗaruruwan mutane sun yi magana sun sauka lafiya, abin da wasu manya ba su taɓa yi ba.

Zan daɗe kaɗan a kan monita, domin a ganina nan ne muke ɓarna mafi girma ba mu sani ba. Malami zai fita, sai ya ce wa monita ya rubuta sunayen masu surutu. Ki leƙa ta taga ki ga abin da ke biyo baya. Monita ya yagi takarda, ya rubuta sunan wanda suka yi faɗa jiya ko da bai ce komai ba. Ya tsallake abokinsa. Wata yarinya ta ga sunanta, ta miƙa masa awara biyu daga kuɗin tararta, ya soke sunan. Malami ya dawo, ya karɓi takarda ba bincike, ya zane waɗanda ba su da abin bayarwa. A cikin rabin sa'a an koya wa aji guda cewa muƙami hanyar ramuwa ce da samu, kuma adalci ana sayensa. Yaro ɗan shekara tara aka ba wannan horo. Ki soke rubuta sunayen nan baki ɗaya. Malamin da zai fita ya bar aikin yi. Shugabancin aji kuma ya zama hidima mai zagayawa: wannan makon wance ce mai kula da alli da goge allo, wane mai raba littattafai da ƙirga su, wane mai cika randa, wance mai raka ƙananan 'yan aji ɗaya su tsallaka titi. Kowa ya ɗanɗana a ba shi amana, a tambaye shi, ya kawo ta cikakkiya. Yaron da ake kuka da shi ma a ba shi, don sau da yawa shi ne ya fi kowa riƙe ta da kyau, saboda ba a taɓa yarda da shi ba.

Muna da abin koyi a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara sai ta zaɓi mata daga cikinsu ta naɗa su jaji, wato jagororin mata, ta ba kowacce malfa da rawani, ta damƙa mata jagorancin 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, na garinsu. Ta yarda da su, ta ba su aiki na gaske a idon jama'a, suka kuwa riƙe shi har bayan rasuwarta. Ina kawo wannan musamman saboda 'yan matanki, waɗanda a makarantu da yawa su ne masu shara, maza su ne masu shugabanci.

Sharar ma abin dubawa ce. A Japan ɗalibai ne ke share ajujuwansu da farfajiya kullum a wani ɗan lokaci da aka ware, kowa da kowa, malamai na tare da su. Mu ma yaranmu suna shara, sai dai mun mayar da ita horon mai laifi, har yaro ya taso yana ganin tsintsiya alamar ƙasƙanci ce. Ki ware minti goma, kowane aji da yankinsa, maza da mata, ke ma ki tsinci leda a gabansu. Wanke banɗaki kada ya zama hukunci.

Game da bulala, ra'ayina a fili yake: ƙara ta zai ƙara miki maƙaryata. In yaro ya fasa gilashin taga, wanda ya amsa laifi ya sha shida, wanda ya yi rantsuwa ya tsira, to kin sa wa gaskiya farashi mai tsada. Dole yara su gani da idonsu cewa wanda ya zo da kansa ya ce “ni ne” yana samun sassauci, har a yaba masa a kan faɗar, sannan ya gyara abin da ya ɓata. Rashin duka ba ya nufin rashin hukunci. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi ko ya kwafe masa darasin, wanda ya zagi wani ya ba shi haƙuri a inda ya zage shi, wanda ya ɓata bango ya wanke. Hukuncin ya dace da laifin, ya zama iri ɗaya ga ɗan mai unguwa da ɗan mai gadi, ga ɗan malama ma haka. Kuma a daina zane aji guda saboda an rasa mai laifi.

Ɗauke-ɗauke kuwa ki duba me ake ɗauka. In fensir ne da abinci da kuɗin tara, to yunwa da rashi suna ciki, sai ki san yaran da ke zuwa ba karin kumallo ki kai maganarsu ga kwamitin makaranta. Ki ajiye kwalin tsintuwa a ƙofar ofishinki, duk wanda ya kawo abin da ya tsinta a ambaci sunansa a taron safe. Sannan akwai satar da manya ke yi: malami ya rubuta amsa a allo ranar jarrabawar shiga sakandare don makaranta ta yi suna, ko a ƙara maki saboda uban yaro. Duk wa'azin shekara shida yana rushewa a wannan safiyar. In sakamakonku zai ragu a shekarar farko saboda kin hana, ki bari ya ragu.

Cin zali yana faruwa ne inda babu idon babba, wato lokacin tara, bayan ajujuwa, wajen banɗaki, da hanyar gida. Malamai biyu su riƙa zagayawa lokacin tara maimakon kowa ya taru a inuwa. Ki haɗa kowane ɗan aji shida da ƙaramin da zai kula da shi. Yaron da ya kawo ƙara a saurare shi, kada a kore shi da “kai ma ka cika kawo ƙara”.

Kada ki manta da iyaye, don wasu za su ga ɗansu ya fara tambaya su ce makaranta ta koya masa fitsara. Wasu kuma za su zo da kansu su ce a zane musu yaro. Ki kira taron iyaye da kwamitin gudanar da makaranta, ki gayyato liman da mai unguwa da shugabar mata, ki bayyana musu abin da kike yi da dalilinsa, ki bar yaran su yi muhawara ko ɗan wasan kwaikwayo a gabansu. Uban da ya ga 'yarsa ta yi sallama, ta gai da manya cikin ladabi, ta yi bayani ba gargada, da wuya ya sake kiran abin fitsara. Ki kuma riƙa aika wa iyaye saƙo idan yaro ya yi abin kirki, don yawancinsu ba a taɓa kiransu makaranta ba sai a kan laifi.

Kada ki ɗauko duk wannan a mako ɗaya, malamai za su gaji su zuba miki ido. A wannan zangon ki riƙe uku: zuwan malamai a kan lokaci, daina zagi da dariyar kuskure, da soke takardar masu surutu. Zango mai zuwa ki shigo da taron safe da rabon ayyuka. Za ki sami malami ɗaya ko biyu da suka karɓi abin da zuciya ɗaya, ki sa sauran su riƙa shiga ajinsu suna kallo. Wajen auna ci gaba kuma, makin darasin tarbiyya ba zai gaya miki komai ba. Ki riƙa shiga aji ba sanarwa ki ƙirga yara nawa suka yi magana a darasi guda, mata nawa ne a ciki, ki duba abin da ke taruwa a kwalin tsintuwa, ki ga ko fashi ya ragu a rajista. Ki rubuta abin da kika samu a wannan makon, ki sake dubawa a ƙarshen zango, sai ki kai wa malamai su gani a taronku. Wassalam.